Robert Taylor ya cancanci yabo

Gaskiya naji dadin labarin da wani ya rubuta kan Robert Taylor, mai zanen gine-gine dan Amurka, mutumin da aka haifi babansa a cikin bauta amma shi ya zama bakar fata na farko da ya kammala jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT a 1892, ya tafi makarantar Tuskegee a jihar Alabama ya zana musu gine-gine, kuma abin da yafi burge ni dalibai ne da kansu suke gasa bulo suna gini suna koyon sana'a a lokaci guda wallahi wannan shine ilimi. Sai dai mai rubutu ka manta da zuwansa Laberiya a 1929 don tsara makarantar Booker Washington a Kakata, don Allah a kara wannan. A 1942 ya yanke jiki ya fadi cikin cocin Tuskegee wanda shi da kansa ya zana, daga nan ya rasu.