Ginin cocin Wusasa ya fi cancantar a tsaya a kansa

Na karanta wani rahoto game da tarihin Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, kusa da Zariya, kuma marubucin ya kyauta da ya ambaci Dokta Walter Miller, ɗan mishan daga Ingila, da ƙaurar 'yan mishan na CMS (ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta cocin Anglican) daga cikin birni zuwa wannan ƙauye. Sai dai ya yi saurin wuce batun ginin kansa, alhali a ganina nan ne darajar wurin take.

An gina cocin a 1929, ba da dutse ko jan bulo irin na cocin ƙauyukan Ingila ba, sai da ƙasa, bisa fasahar magina Hausawa. Duk wanda ya san tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zai gane cewa daga tushe ɗaya aikin ya fito: bango mai kauri da ke hana zafin rana shiga, da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi daga ciki, da ake ƙarfafawa da azara domin ya ɗauki nauyin rufi. Azara, wato itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa magabata suka dogara da ita.

Abin damuwa shi ne gyara. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe akai-akai, kuma idan aka lulluɓe shi da siminti, danshi yana maƙalewa a ciki har bangon ya ruɓe. Ya kamata hukumar kula da kayan tarihi ta nemo maginan gargajiya da suka rage a Zazzau, ta damƙa musu kulawa da shi.