Ba yunwa ba ce, damuwa ce

Wallahi wannan maganar cin abinci saboda damuwa kamar da ni ake. Bayan rasuwar mahaifiyarmu da zuciyata ta cunkushe sai in aika yaro ya siyo min tsire da lemon kwalba, ƙarfe 11 na dare fa, kuma ba yunwa nake ji ba, har zanina ya daina zagaye ni. Shayin rage ƙiba na intanet kuɗina kawai ya ci. Malmalar tuwo na rage daga 3 zuwa 1, na ƙara zogale da kabeji, bayan asuba in zaga unguwa minti 30. Yanzu in abin ya taso sai in kira Yaya mu sha hira. Lemon ne dai har yau muna fama.