Akwatin cajin da ya cinye mini wayoyin jama'a

Ina da ɗan shagon cajin waya a bakin titin unguwarmu a Kano, kuma da shi nake ciyar da iyalina. A bara na kai kuɗina wurin wani mai haɗa kayan lantarki, wanda kowa ke kira injiniya, na ce ya haɗa mini akwati guda da zai ɗauki wayoyi da yawa a lokaci ɗaya, domin na gaji da ƙananan cajojin kasuwa da ke mutuwa duk mako. Ya karɓi kuɗinsa cif, ya ce in je in kwanta in yi barci.

Ranar wata Asabar cikin watan Afrilu, ana tsananin zafi, aka kawo wuta da ƙarfi har fanka tana kuka kamar za ta tsinke. Ban ankara ba sai na ji ƙauri, kafin in kai hannu in zare soket wayoyi bakwai sun riga sun tafi, da fitilun caji uku da rediyon wani dattijo. Manyan wayoyin zamani sun tsira saboda suna da tasu kariyar a ciki, waɗanda suka ƙone su ne ƙananan wayoyin masu tura ruwa da 'yan dako, mutanen da sai sun yi tarin watanni kafin su sayi wata.

Na ɗauki akwatin na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo, ya kwance murfin a gabana, ya daɗe yana girgiza kai. Ya nuna mini cewa taransifomar tana sauke bolt 230 na gida, bayan an tace wutar tana tsayawa wajen bolt 12, sannan wani taransisto mai lamba 2N3055 ne yake riƙe ta a kan bolt 5 da waya ke buƙata. An ɗaura shi a kan wani ɗan guntun alminiyom da bai kai tafin hannun yaro ba, zafi ya yi masa yawa ya narke daga ciki ya zama kamar waya miƙaƙƙiya, sai bolt 12 ɗin nan, har da ƙarin da wutar ranar ta kawo, suka wuce kai tsaye cikin kayan mutane. Irin wannan mutuwar taransisto sananniya ce ga duk wanda ya koyi aikin da gaske.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin ba wani abu ne mai tsada ba. Akwai haɗin da masu sana'ar ke kira kuroba: diyod ɗin zina mai bolt 5.6, da SCR guda (wani ɗan makunnin lantarki mai tashi da kansa), da ɗan rizisto, da fiyus. Da zarar wuta ta haura bolt 6 da 'yan kai, zina za ta buɗe, ta tada SCR, shi kuma ya haɗe layin da gangan domin fiyus ya tsinke nan take, kafin kayan da ke jone su ji komai. Duk waɗannan ana samun su a rumfunan kayan lantarki na Sabon Gari, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin waya ɗaya daga cikin bakwai ɗin da suka ƙone ba. A akwatina babu ko ɗaya. A gurbin fiyus ma, wallahi, zaren wayar tagulla muka tarar an nannaɗe, an shafa masa dalma. Ta ɓangaren shigowar wuta kuma babu barista mai shanye tartsatsin wuta na ɗan lokaci, balle rile mai yanke layi idan ƙarfin ya daɗe a sama, alhali kowa ya san yadda wutarmu take, musamman idan wayar nutural ta tsinke a taransifomar unguwa, inda abin da ke shiga gida kan doshi bolt 400.

Da na koma wurin injiniyan da akwatin a hannu, ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi: "Malam, ƙaddara ce, laifin masu wuta ne." Na yi imani da ƙaddara, kuma ban wanke masu wuta ba, domin su ma sun sha jiƙa mana aiki. Amma wanda ya san rafi yana cika ya gina maka gada da kara, ba zai fake da ruwan sama ba. Na ce masa ya nuna mini inda ya sa kariya a cikin aikin da na biya, sai ya hau duba wayarsa, daga baya ya ce idan ina son irin wannan haɗin sai na ƙara kuɗi, kamar dai tun farko ya taɓa ba ni zaɓi.

Har yau ina biyan bashin wayoyi biyu, dattijo mai rediyo kuwa ya ce ya yafe, amma tun daga ranar bai sake kawo mini caji ba.