Shafi dubu cikin awa huɗu: BBC na mayar da Strike ɗan soyayya

Tun da BBC ta nuna zango na shida na Strike, shirin talabijin na binciken laifuka da aka ɗauko daga littattafan J.K. Rowling, a Disambar 2024 abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Littafin The Ink Black Heart, wanda aka gina zangon a kansa, ya haura shafi 1,000, amma aka danna shi cikin kashi huɗu, kowanne kusan awa guda. Na farko, The Cuckoo's Calling, bai wuce rabin wannan kaurin ba, kuma kashi uku aka ba shi a 2017. Littattafan J.K. Rowling, mai sa hannu da sunan Robert Galbraith, sai ƙiba suke yi, rigar da ake ɗinka musu kuwa ba a ƙara mata yadin kirki ba.

Ragi dole ne, wannan ba gardama. Haushina shi ne abin da aka zaɓa a rage.

Wanda ya kalli zangon farko zai tuna yadda muka haɗu da Cormoran Strike: tsohon ɗan sandan soja da bam ya cire wa ƙafa a Afganistan, bashi ya yi masa katutu, yana kwana kan gadon tafi-da-gidanka a ofishinsa na titin Denmark da ke Landan. Dare ya yi, ya kwance ƙafar roba yana cije leɓe, gari ya waye ya maƙala ta ya fita buga ƙofofin mutane. Robin Ellacott ta zo aikin sakatariya na mako ɗaya, ta zauna, don ta iya tatsar magana daga bakin da bai yi niyyar buɗewa ba. Daɗin labarin mai bincike mai zaman kansa ke nan. Ba shi da ikon kama kowa, ba shi da takardar shiga gida, jarinsa haƙuri da naci da kunne. Mai kallo yana biye da shi, yana nasa lissafin, yana zargin wannan yana wanke wancan.

Yanzu fa? A zango na shida, labarin kisan Edie Ledwell a maƙabartar Highgate, waɗanda ake zargi wucewa suke kamar motocin kasuwa. Da aka tona asirin mai ɓuya da sunan Anomie sai da na mayar da hoton baya ina tambayar kaina, wane ne ma wannan? Amma lokacin satar kallo tsakanin Tom Burke (Strike) da Holliday Grainger (Robin), da dogon shiru a mota, da kishin da ba a furtawa, ba ya taɓa yin ƙaranci.

Masu cewa ai soyayyar ce ke riƙe 'yan kallo ba su faɗi sabon abu ba. Mu da muka tashi da finafinan Kano mun san wannan hujja, ita ce ke sa a fara da rikicin gado a ƙare da rawa a lambu. Ragwanci ne kawai aka yi wa kwalliya. Tashar ITV ta yi Poirot, wani shirin mai bincike, daga 1989 zuwa 2013, kashi 70, David Suchet da ya fito a matsayin Poirot bai nemi auren kowa ba, kuma har gobe ana kallonsa.

Rowling tana cikin manyan furodusoshin shirin, don haka ba za ta ce an yi mata fin ƙarfi ba. Ko ta rage alƙalami, ko BBC ta buɗe bakin jaka ta ba kowane littafi kashi shida ko takwas. Na bakwai, The Running Grave, shi ma ya haura shafi 900.