Daren da tayil ɗin falona ya yi harbi

Ƙarfe 2 da 'yan mintuna na dare, tsakiyar Janairu, hunturu ya sa kowa ya dunƙule cikin bargo, sai muka ji "tau!" daga falo. Kafin in gama salati aka ƙara, "tau! tatau!" Uwargida ta dafa ni ta ce, "Malam, sun shigo." Ban tsaya tambayar su wa ba. Na laluba neman abin kare kai, hannuna ya faɗa kan muciya, wadda har yau ba a gaya mini abin da ya kai ta ɗakin kwana ba. Na ce mata ta tsaya a bayana. Ta ce ai ni ne a bayanta. Da na duba, gaskiyarta.

Mun fi minti 20 muna kasa kunne, ba motsi, ba tari. Da na haska tocila ta bakin ƙofa sai na ga ba kowa, ƙofa a kulle, talabijin na nan inda yake. Amma tsakiyar falo ya yi tozo. Tayil 6 sun tashi sun jingina da juna kamar an kafa 'yar bukka, biyu sun dare gida biyu.

Gari na wayewa maƙwabta suka cika falon, kowa da fatawarsa. Wani ya ce mutanen ɓoye ne, dama filin nan da can fadama ce. Wani ya ce saiwar darbejiyar ƙofar gida ce. Surukata ta aiko da turaren hayaƙi da saƙon a daina zubar da ruwan zafi da magariba. Ni kuwa na ce abin da ya tashi ai sai a mayar da shi, na hau tozon na danna da diddige. Ya fashe, ya tsaga mini silifas, ya bar mini shaida a ƙafa. Na jawo buhun shinkafa mai kilo 50 na ɗora a wurin. Kwana 3 tsakani, layin da ke gefen buhun shi ma ya tashi.

Tayil ɗin nan dama gudun wata masifar ce ta kai ni gare shi. Daminar farko da muka tare, ledar ɗaki na shimfiɗa a kan simintin. Watan Agusta na kamawa falo ya fara wani wari kamar an jiƙa tsumma an manta. Na zargi kyanwa, na zargi yara, har takalmin baƙo na taɓa yi wa kallon tuhuma. Ranar da na ɗaga gefen ledar na tarar da ƙasanta jiƙe sharkaf, baƙar fumfuna ta yi zane, ga wani farin gari kamar kanwa ya bi gindin bango yana tayar da fenti. Ledar ba ta hana danshi tasowa, hana shi fita take yi. Sai na ce tayil ne magani, na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na zaɓo mai sheƙi, santimita 60 da 60, wanda mutum zai ga fuskarsa a ciki. Sallah saura kwana 9.

Bayan buhun shinkafa ya kasa, aka haɗa ni da wani dattijon magini wanda ya fara aiki tun zamanin tarazo, daɓen nan na siminti da tsakuwa da ake gogewa ya yi sheƙi. Ya shigo bai ko kalli tozon ba. Ya ciro makulli daga aljihu, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Inda ya kama ƙasa sosai sai ka ji "tik", inda ƙasansa fanko ne sai ya amsa kamar ganga. Duk mai ganga sai ya yi masa gicciye da alli. Da ya miƙe, falon ya zama kamar takardar jarrabawar da aka faɗi: cikin tayil 56, 34 na da gicciye.

"Ɗana, wa ya ce a haɗe bakinsu haka, ko allura ba ta shiga?"

Na ce, "Baba, mai aikin ne." Uwargida daga kicin ta ce, "Malam, ji tsoron Allah." Dole na amsa cewa ni ne. Yaron da ya jera tayil ɗin ya fito da 'yan robobin nan masu kamar gicciye da ake sa wa tsakanin tayil, na ce ya mayar da su jaka, ni falo nake so kamar madubi ɗaya. Ya ce, "Oga, yadda ka ce."

Baba ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi ya juya bayansa. Fes, kamar yau aka ciro shi daga kwali. A ƙasa kuma ga curin siminti guda 5, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, kamar an jera waina. Ya ce laifi na biyu ke nan, kuma laifi biyu ne a haɗe. Na farko, ɗigo 5 ba ya riƙe ko rabin tayil, sauran duk iska ce. Na biyu, tayil ɗina poselin ne. Ya ɗiga ruwa a bayansa, ruwan ya tsaya ƙyam. Poselin bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa yake shan ruwa ba, shi ya sa ya fi dacewa da wuri mai laima, amma shi ya sa kuma siminti zalla ba ya kama shi. Siramik na gama-gari shi ne mai shan ruwa, shi ake jiƙawa a baho kafin a ɗora a kan siminti. Poselin gam na tayil yake so, wanda ake sayarwa a buhu mai kilo 20.

Laifi na uku gaggawar Sallah. An yi shafen siminti ranar Litinin, Laraba aka hau jera tayil. Siminti kuwa tsukewa yake yi yana bushewa, kuma ba a kwana biyu yake gamawa ba. Sabon kankare ana ba shi sati 6, shafen da ke kansa aƙalla sati 3, kafin a ɗora komai. Nawa da damina aka yi shi, ƙasa na ba shi ruwa daga ƙasa, bai taɓa bushewa ba sai da iskar hunturu ta zo ta zuƙe shi. Ga kuma sanyi: Kano da Afrilu zafi kan wuce 40, da daren Janairu ya sauko ƙasa da 15, kuma siminti ya fi tayil tsukewa in an yi sanyi. Ƙasa ta ja jiki, tayil bai ja ba, ga bango ya tokare shi ta kowane gefe, ga ba tazara a tsakani. Ina zai je? Sama.

Na ce, "Baba, tsukewar nawa ce da har za ta ɗaga tayil haka?" Ya ce a falo mai tsawon mita 5, milimita 2 zuwa 3. Na yi dariya. Daga baya ɗana na sakandare ya buga mini lissafin: tayil biyu masu santimita 60 in aka matse su da milimita 2 kacal, bakinsu zai tashi kusan santimita 3 da rabi. Na daina dariyar.

Sauran maganar danshi. Baba ya yanko farar leda kamar santimita 45 kowane gefe, ya manna ta da salatif a kan simintin da ya fito, ya ce kada a taɓa sai gobe war haka. Washegari ƙasanta ya yi raɓa, simintin ya yi duhu, a tsakiyar rani fa. Ya tambaye ni ko an shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren ƙasa. Na tuna birkila ya rubuta ta cikin kayan da za a saya, ni kuma na soke ta da biro na ce gida nake ginawa, ba ƙosai zan ƙulla ba. Ashe wannan baƙar leda mai kauri, wadda ake kira geji 1000, ita ce ke tsakanin mutum da ruwan ƙasa. Siminti ƙofofi gare shi ƙanana, yana jan ruwa sama yadda lagwani ke jan kananzir, ya taho da gishirin ƙasa, shi ne farar kanwar da na gani a gindin bango.

Na kawo shawarar a cire tayil ɗin a sa katakon zamanin nan mai shiga cikin juna. Baba ya ce garin katako ne aka matse, in ya sha laima bakinsa kumbura yake yi kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. Kafet kuwa gidan fumfuna ne. Ya ce in da son samu ne tarazo, don shi ana raba shi gida-gida da siraran tsinke, kowane gida ya motsa abinsa, shi ya sa za ka shiga tsohuwar makaranta ka tarar da shi lafiya lau. Har ya tuno daɓen kakanninmu, na tsakuwar marmara da ake bugawa da madaɓi a shafe da ruwan makuba, wanda in ya sha laima yakan fitar da ita da kansa. Na ce a bar ni da tayil ɗina, na riga na zuba kuɗi.

Da tayil 3 ko 4 ne ke ganga, gyaran ba wuya. A fara yanke layin da ke kewaye da shi da injin yanka don kada bugu ya shafi maƙwabcinsa, a fasa shi daga tsakiya zuwa gefe da guduma da kurfi, a kankare tsohon simintin, a share ƙura, a manna sabo. In kuma tozo ya riga ya tashi, a sa takalmi rufaffe da tabarau a cire layi guda daga bango zuwa bango, matsin ya saki. Ba a hawa da diddige. Nawa dai ya wuce nan, duka aka kwashe har tsohon shafen, muka tsira da tayil 31 masu lafiya.

Fasa kankaren ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna, sai aka shimfiɗa baƙar ledar nan mai kauri a kansa. Aka share tsakuwar da za ta huda ta, inda biyu suka haɗu aka ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 30 aka manne, gefenta ya hau bango santimita 15. A kanta aka zuba sabon shafe mai kaurin santimita 5, don wanda bai kai haka ba a kan leda tsagewa yake yi. Kwaɓin 1 da 4 ne: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 8 na yashin kogi mai kaifi, ba mai laka ba. Falona murabba'in mita 20 ne, ya ci buhu 8. Ruwa kaɗan, kamar dambu: ka dunƙula ya riƙe, bai ɗiga ba. Sati guda ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, sannan aka bar shi ya sha iska sati 3. Duk wannan lokacin kujerunmu na tsakar gida, baƙi na zaton tashi za mu yi. Ƙasa ta ƙaru da tsawo, dole kafinta ya rage gindin ƙofa biyu. Ta uku na ce zan yi da kaina. Yanzu kyanwa ba ta buƙatar a buɗe mata.

Ranar jerawa Baba ya zauna a kan bokiti yana sa ido. Gam buhu 5, kowane na cin murabba'in mita 4 zuwa 5. A kwaɓa, a bar shi minti 5, a sake juyawa. A shafa da cokali mai haƙora na milimita 10, layukan su bi gefe ɗaya don iska ta samu hanyar fita, a shafa siriri a bayan tayil ɗin ma, a danna a ɗan murza, a bi da gudumar roba. Kada a shafa fiye da wurin tayil 2 ko 3 a lokaci guda, don da busasshiyar iska cikin minti 15 gam ya yi fata, in ya yi fata kuwa ba ya kamawa. Lokaci-lokaci sai Baba ya ce a ɗago ɗaya ya ga ko gam ya cika bayansa. Robobin da na kora suka dawo, masu milimita 3. Jikin bango aka bar tazarar santimita 1 zagaye, ba a cika ta da siminti ba, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ke bin gindin bango, ya rufe ta. Bakin ƙofa aka cike da silikon. Sai bayan awa 24 aka cike layukan da ke tsakanin tayil. A waje kuma aka yi daɓe mai faɗin mita 1 ya zagaye bangon, ya gangara waje, don ruwan indararo ya daina taruwa a gindin gini.

Cikon tayil ne ya ƙarasa ni. Kwali ɗaya guda 4 ne, falon na buƙatar kwali 16 in an haɗa da kashi 10 cikin 100 na yanka da ajiya, ni kuwa tun farko 14 cif na saya. Da na koma na samu irinsa, sunansa ɗaya, zanensa ɗaya, amma lambar da ke jikin kwalin, mai nuna zubin da aka gasa tare, daban. A shago ba ka ganewa. A falo, in rana ta shigo ta taga, rabi fari ne rabi kamar an zuba masa shayi. Uwargida ta sa an jera sababbin a ƙarƙashin kujeru, ta kuma hana a sake matsar da kujera a gidan nan.

Abin da ya rage mini shi ne makullin. Na kasa daina ƙwanƙwasawa. Banki, asibiti, gidan biki, da na zauna sai hannu ya tafi aljihu. Makon jiya muka je gaida surukina, ya shiga ciki ɗauko carbi, ya fito ya same ni durƙushe a bayan kujerarsa, kunne a ƙasa. Ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce kuɗina ne ya faɗi. Ya taya ni nema har minti 5. Tayil 9 na ƙirga masa masu ganga, kuma Janairu saura wata biyu.