Bawan da aka hana rera waƙar 'yancinsa

Jama'a, yau ina so in yi magana a kan wani tsohon fim na barkwanci da waƙe-waƙe da ya fito a 1966, mai suna A Funny Thing Happened on the Way to the Forum. Fim ne da nake ƙauna, kuma saboda ina ƙaunarsa ne abin da aka yi masa yake ci mini rai. An ɗauko wasan dandamali na 1962 mai zuciya, aka mayar da shi fim, aka bar masa ƙafafun gudu da bakin surutu, amma aka zare masa waƙa ɗaya wadda ita ce dalilin gudun da surutun baki ɗaya.

Labarin a birnin Rum na zamanin da yake faruwa, a wani layi mai gidaje uku. Na tsakiya gidan wani dattijo ne da matarsa mai faɗa da ɗansu Hiro. A gefe ɗaya gidan Laikus ne, kawali mai cinikin mata. A ɗaya gefen kuma gidan wani tsoho ne, Eroniyus, wanda ya shafe shekaru yana yawon neman 'ya'yansa biyu da 'yan fashin teku suka sace tun suna jarirai. Hiro ya hango wata budurwa, Filiya, ta tagar gidan kawalin, so ya kama shi. Bawan gidansu Sudolus ya ga dama ta samu, sai ya ƙulla ciniki da yaron: in na samo maka ita, ka 'yanta ni. Matsalar ita ce an riga an sayar da yarinyar ga wani kyaftin ɗin soja mai cika baki, kuma yana hanya zai zo ɗaukar kayansa. Daga nan sai ƙarya ta fara haihuwar ƙarya. Sudolus ya gaya wa kawalin cewa annoba ta ɓarke a tsibirin Kirit inda aka kawo yarinyar, wai alamar cutar ita ce yawan murmushi, ga shi kuwa yarinyar ba ta daina murmushi. Ya yi shigar boka, ya shaida wa tsoho Eroniyus cewa aljanu sun mamaye gidansa, ba za su fita ba sai ya zagaya tsaunukan Rum bakwai sau bakwai. Duk don ya samu gida fanko da zai ɓoye mutane.

Inda abin ya fi kai ni ƙasa shi ne wurin jana'iza. Da kyaftin ya matsa sai an ba shi amaryarsa, Sudolus ya ce ai ta rasu. To ina gawar? Sai ya lallaɓa babban bawan gidan, Histeriyum, mutum mai tsoro da rawar jiki, ya sa masa rigar mata da gashin aro, ya shimfiɗe shi a makara. Kafin ya yarda ya kwanta sai da Sudolus ya rera masa waƙar yabon kyau, irin wadda saurayi ya rera wa budurwar ɗazu, har mutumin ya fara yarda cewa shi kyakkyawa ne. Ga sojoji a jere suna makoki, ga kyaftin yana kuka da murya kamar aradu, ga gawa tana sauraren abin da ake shirin yi mata. Da ta ji abin ya wuce wasa sai ta dira daga makara ta ranta a na kare.

Wannan shirme ba Amurkawa ne suka ƙirƙiro shi ba. Asalinsa wasannin wani marubuci ne Barume, Plautus, wanda ya rasu a shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wasanninsa kusan ashirin sun iso gare mu, kuma daga cikinsu ne marubutan wasan dandamalin, Burt Shevelove da Larry Gelbart, suka tsinto bawa mai wayo, da soja mai fankama, da gidan da aka ce yana da aljanu, suka ɗinke su wuri guda. Wasan da ya ba Sudolus sunansa an fara nuna shi a Rum a 191 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin wani bikin addininsu. Wato fiye da shekara dubu biyu ke nan mutane suna dariya a kan wannan bawan.

Amma a duba su waye ke zaune suna dariyar a wancan lokaci. Rum ta zamanin Plautus cike take da bayi, galibi ganimar yaƙi. Marubucin tarihinsu Livy ya ce da Rumawa suka ƙwace birnin Tarentum a 209 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙinsu da Hannibal, jagoran sojojin Carthage, mutum dubu talatin aka kama bayi. Ubangida yana da ikon ya yi wa bawansa bulala, ya ɗaure shi a injin niƙa, ko ya gicciye shi. Kuma Plautus bai ɓoye wannan ba, cikin barkwancin ya zuba shi. A wasansa na sojan nan mai fankama akwai bawan da aka yi wa barazana, ya amsa da cewa a daina tsorata shi, ya san gicciye ne kabarinsa, can ubansa da kakansa da kakan kakansa suke kwance. Masu kallo suka yi dariya, wasunsu kuma da bayinsu tsaye a bayansu. Dabarar da ta sa aka ƙyale shi ita ce yakan kai labarin wani birni na Girka, 'yan wasa su sa tufafin Girkawa, sai Barume ya ce ai can ne bawa ke juya ubangidansa, ba a gidana ba.

Sudolus na Plautus bai nemi 'yanci ba. Caca ya yi da ubangidansa, ya ci kuɗi, ya sha giya ya bugu, washegari kuma bawa ne kamar jiya. Kamar Gizo yake a tatsuniyoyinmu: ya yaudari zaki, ya yaudari kura, ya cika ciki, amma gobe da safe dajin na nan yadda yake, mai ƙarfi na nan da ƙarfinsa. Abin da marubutan 1962 suka ƙara, wanda a ganina shi ne mafi girman aikinsu, shi ne suka ba shi abin nema. Duk ƙaryar da ya shirga, duk zufar da ya yi, saboda abu ɗaya ne, yana so ya mallaki kansa. Da wannan ƙarin sai shirmen ya samu nauyi. Kana dariya, amma ka san idan dabarar ta watse ba kunya kawai zai sha ba.

Stephen Sondheim, wanda wannan ne wasan Broadway (manyan gidajen wasan dandamali na New York) na farko da ya rubuta wa kiɗa da baituka duka biyu, ya yi wa wannan buri waƙa guda tun farkon wasan. Sudolus da Hiro ne ke rera ta. Bawan yana hasko kansa a matsayin ɗan ƙasa mai haƙƙi, mai jefa ƙuri'a, mutum kamar kowa. Can tsakiyar waƙar sai ya tsaya cak, tsoro ya kama shi. Ya tuna cewa yanzu yana da rufin kwana da abinci sau uku ba ya biyan ko anini, in ya 'yantu kuwa komai sai ya biya da guminsa. Ya yi jim. Sai yaron ya sake furta masa kalmar 'yanci a hankali, shi kuma ya ce ya ji ya gani, yana so. Duk wanda ya taɓa barin inuwar wani don ya tsaya da ƙafarsa ya san wannan jim ɗin. Ban san wani wuri a cikin barkwanci da aka faɗi gaskiyar dogaro da kai a taƙaice haka ba.

Wannan waƙar ce babu ita a fim.

Ba ita kaɗai aka cire ba, yawancin waƙoƙin Sondheim an zubar da su, kaɗan suka rage. Amma a dubi wadda aka zaɓa aka bari: waƙar da dattijon gidan da sauran maza suke rerawa suna lissafa daɗin samun kuyanga a gida. Ita an ba ta fili sosai, an yi ta yanka hoto ana kai su nan ana kai su can suna tsalle. Wato an samu lokacin jin sha'awar ubangida a kan baiwa, ba a samu minti uku na jin burin bawa ba. Wannan zaɓi ne, kuma zaɓi ne mara kyau.

Daraktan fim ɗin, Richard Lester, ba ƙaramin gwani ba ne. Shi ya yi wa mawaƙan Beatles finafinansu biyu a 1964 da 1965, salonsa kuma saurin yanka hoto ne, ido ba ya hutawa. A Sifaniya ya ɗauki fim ɗin, da Nicolas Roeg a kan kyamara, kuma ya ƙi nuna Rum mai farin dutse mai sheƙi irin ta manyan finafinan lokacin. Tasa Rum ɗin ƙura ce da datti da kayan miya masu ruɓewa a kasuwa da ƙudaje, ga talakawa a bayan fage suna ta aikin wahala ba wanda ya kula da su. Har rubutun sunaye na ƙarshen fim ƙudaje ne ke yawo a kansa. Na yaba masa wannan ƙwarai, domin ya nuna ya san a kan wuyan wa aka gina birnin. Shi ya sa abin ya fi ba ni takaici. Mutumin da ya ga wahalar bayi har ya cika bayan hotonsa da ita, shi ne kuma ya hana bawan da ke gaban hoto faɗin abin da ke ransa. A madadin haka ya ƙara doguwar tseren kekunan doki a ƙarshe, wadda ba ta cikin wasan asali, kuma ba ta ƙara wa labarin komai sai hayaniya.

Na san abin da za a ce: waƙa tana tsayar da labari, barkwanci kuma gudu yake so. Muhawarar da muka daɗe muna yi ke nan a kan finafinanmu na Kano, inda sau da yawa ake cusa waƙa don tallar fim ba don labari ba, har mutane suka saba danna gaba da zarar kiɗa ya tashi. Amma Sondheim da kansa ya bayyana cewa waƙoƙin wannan wasan an yi su ne don mai kallo ya samu numfashi tsakanin guje-guje. Dariya ba hutu gajiyarwa take yi. Kuma akwai bambanci tsakanin waƙar da aka liƙa wa labari da wadda in ka cire ta ka rasa dalilin da ya sa jarumi ke wahala. Wasan dandamalin da waƙoƙinsa cikakku an nuna shi sau 964 a New York, ya ci kyautar Tony ta wasan waƙa mafi kyau. Ba wanda ya gudu saboda waƙa. Abin mamaki kuma, kyautar Oscar ɗaya tilo da fim ɗin ya samu ta kiɗa ce, Ken Thorne ya karɓa saboda sarrafa kiɗan.

Akwai kuma wani abu game da Zero Mostel, wanda ya fito a Sudolus a dandamali da kuma a fim. Zero Mostel na cikin 'yan wasan da aka toshe wa hanyar abinci a Amurka a shekarun 1950 bisa zargin kwaminisanci. A 1955 an gurfanar da shi gaban kwamitin majalisar wakilai mai wannan farauta, ya ƙi ambaton sunan kowa, ya sha shekaru finafinai ba sa ɗaukarsa. Jack Gilford, wanda ya kwanta a makarar nan, shi ma haka aka yi masa. Matarsa Madeline Lee na cikin waɗanda mai tsara rawa Jerome Robbins ya ambata wa kwamitin a 1953, kuma Robbins ɗin nan ne aka kira ya gyara wasan a 1962 lokacin da gwajinsa ya ƙi karɓuwa. Shi ya ba da shawarar a sauya waƙar buɗewa da wadda za ta sanar da mutane tun farko cewa dariya aka zo yi, kuma Mostel da Gilford suka daure suka yi aiki da shi. Mostel, mutumin da ya san mene ne a riƙe masa wuya a hana shi sana'arsa, shi ne ya tsaya a dandamali dare bayan dare yana rera waƙar 'yanci. Da aka zo ɗaukar hoton da zai wanzu bayan ransa, sai aka ce ba a buƙatarta. Ka kalli fuskarsa a fim ɗin, idanu a zazzare, zufa na tsiyaya, baki na ƙirƙirar sabuwar ƙarya tun tsohuwar ba ta huce ba. Duk abin da waƙar za ta faɗa yana ƙoƙarin faɗinsa da fuska.

Tsoho mai zagaya tsaunuka kuwa Buster Keaton ne, gwarzon finafinan da ba magana na shekarun 1920, wanda aka sani da rashin murmushi. Yana da shekara 70 lokacin, ciwon daji na cin huhunsa. Ya rasu ranar 1 ga Fabrairun 1966, watanni kafin fim ɗin ya fito. Duk sanda rikici ya kai ƙololuwa sai ka gan shi ya ratso ta tsakiya da ɗan gudunsa, bai san abin da ake ciki ba, yana cika umarnin boka da zuciya ɗaya don ya koma gidansa. Ko don shi kaɗai fim ɗin ya cancanci kallo.

Sai dai in faɗa wa 'yan uwa gaskiya, ba fim ne na zama da yara ko surukai ba. Akwai wurin da kawalin ke baje kolin matan gidansa cikin shigar da ba ta dace ba, kyamara kuma ta daɗe a kansu fiye da yadda labari ke buƙata. Wannan ma wani ɓangare ne na ƙorafina. Yadda aka warware rikicin ya isa misali. A ƙarshe zoben da ke hannun kyaftin da na Filiya, masu hoton garken dinya, suka tona cewa su ne 'ya'yan tsohon da aka sace, wa da ƙanwa. Tunda ɗiya ce ba baiwa ba, cinikin ya ɓaci, ta auri Hiro, Sudolus ya samu 'yancinsa. Ita ta tsira ne saboda an gano jininta, ba don wani ya ce sayar da mutum laifi ne ba. Sauran matan gidan Laikus, waɗanda ba su da zobe kuma ba uban da ke yawon nemansu, ba wanda ya tambayi daga wane gari aka sato su, kuma ko a wasan dandamalin ba a rubuta musu baiti ɗaya ba.