Kuɗin kwalba ake biya, ba na abin da ke ciki ba

Wani marubuci ya ce bourbon, wato wani nau'in barasar wiski ta Amurka, mai araha ruwan banza ce. Malam, a nan kam ban yarda ba. Na daɗe ina aiki a shagon sayar da barasa a Louisville, jihar Kentucky, na ga masu kuɗi suna zuwa su ɗauki bourbon ɗin Evan Williams mai farin tambari, wadda kuɗinta bai wuce dala 20 da 'yan kai ba, su bar masu tsadar a kan kanta.

Dalili kuwa, dokar Amurka ba ta duba farashi. Kowace bourbon sai masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsinta, a zuba ta a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Ita Evan Williams ɗin ma tana ƙarƙashin dokar 1897: shekara 4 a ganga aƙalla, ƙarfin barasarta kashi 50 cikin 100 daidai, daga matatar barasa guda.

Tana da zafi a maƙogwaro, gaskiya, har wasu sukan yamutsa fuska a kurɓin farko. Wani dattijo mai zuwa duk Asabar, ɗigon ruwa kawai yake ƙara mata.